Gadon Da Ya Ƙi Shiga Ɗaki

Wata huɗu ke nan da Auta ta dawo gidan Yayanta da ciki a gaba da ƴa a hannu, kuma har yau ba ta kwance akwatinta ba. Yana nan a bayan ƙofa, a ƙaramin ɗakin da Yaya ke jibge tsofaffin takardun jarrabawa kafin zuwanta. Matar Yaya ta yi magana har ta gaji. Auta sai ta ce bayanta ke ciwo, ba ta iya sunkuyawa. Ƙarya take yi, kowa kuma ya sani.

Saki ɗaya ne. Muddin cikin nan yana jikinta, kalma ɗaya ta ishi mijinta ya maida ita ɗakinta. Ranar da ta sauka kuwa idda ta cika, sai dai sabon nema, sabon nema kuma sai ta hannun Yaya. Shi ko Yaya ya rantse ko maza sun ƙare a duniya ba zai sake ba kafinta ƙanwarsa ba.

Da ma can ba ya son auren. Hedimasta ne, ya saba in ya yi magana a yi tsit, kuma tun tana makaranta ya riga ya zaɓa mata amininsa mai kemis. Auta ta kafe sai kafintan da ya zo gyaran bencunan makaranta, mai fensir a bayan kunne. Ta yi kuka, ta ƙi ci, ta rame, har Yaya ya sakar mata. Shekara shida suka yi, ko tsakaninsu ba a taɓa ji ba.

Sai mahaifiyar kafinta ta samu shanyewar ɓarin jiki, ya ɗauko ta ya kawo gidansu. Auta na fama da laulayi, tana kuma jinya. Wata rana Yaya ya leƙo ya tarar da ita a faɗe a bakin famfo, zanen gadon surukarta a hannunta. Bai jira mai gida ba, ya kwashe ta da ƴarta ya tafi. Da kafinta ya biyo sawu, a bakin titi Yaya ya tare shi, a gaban mutane, ya ce ƙanwarsa ba ƴar aiki ba ce, in shi namiji ne ya ba da takarda. Zuciya muguwar abokiyar shawara ce. Kafinta ya zaro fensirin nan daga bayan kunne, ya rubuta a bayan takardar da ya yi awon wata ƙofa.

Tun daga ranar ba ta sake ganinsa ba. Ƴarsu kaɗai ake kai masa duk Asabar, yarinya ƴar shekara biyar da ubanta ya laƙaba wa Aku, saboda duk abin da ya shiga kunnenta sai ya fito ta bakinta.

A wajen awo, malamar asibiti ta gama auna cikin ta ce saura mako uku. Sannan ta dubi Aku da ke maƙale da gefen zanen uwarta.

"Wannan ce ta fari?"

"Ita ce."

"Har yanzu gado ɗaya kuke kwana?"

Auta ta ɗaga kai.

"To ki raba yanzu, tun kafin ki haihu. In kika bari sai jariri ya zo kika sauke ta, za ta ce shi ya kore ta. Ki riƙa ba ta tana taɓa cikin, ki sa ta ninke kayan jaririn, ki faɗa mata gaskiyar abin da zai faru. Yaro ba ya son bazata."

Auta ta yi duk yadda aka ce. Da ma ba ta da wani aiki sai zaman ɗaki da kallon bango. Ta fito da ƴan rigunan da Aku ta saka tana jaririya, suka wanke tare suka shanya. Ta nuna mata yadda ake tallafe kan jariri da ƴar tsana. Ta ce mata jariri ba ya wasa da farko, sai kuka da barci, kada ta ce ya cika rowa. Aku ta yi ta murna, har tana sa kunne a cikin tana cewa ta ji yana tari.

Kwana biyar ana haka, sai yarinya ta canza. Ta daina taɓa cikin. Aka tsinci safar jariri a cikin kwata, aka tsinci ƴar tsanar a bayan tankin ruwa, fuska a ƙasa.

Da rana tsaka, Auta ta kishingiɗa ta lumshe ido don zafi. Ta ji motsi a gefenta, ta ji ɗumin numfashi a kan cikinta.

"Kar ka fito," Aku ke raɗa. "Ka ji? Ka zauna a nan. Zan ba ka kwalbar kumfata ta wasa. Kar ka fito."

Auta ta buɗe ido. Yarinyar ta zabura za ta gudu, ta riƙo hannunta.

"Me ya yi miki?"

Aku ta sunkuyar da kai.

"Ba ke kika ce za ki goya shi ba?"

Aku ta ɗago ta dube ta. "Kawu ya ce wa mai kemis, ranar da Mama ta haihu an gama da Baba. Ya ce saura ƙiris."

Abin ya soki Auta har ƙashi. Ta yi ta shirya yarinya a kan kuka da raba gado, ashe ita can wani nauyi take ɗauke da shi, ita kaɗai, ba ta da wanda za ta faɗa wa sai ɗan da ba a haifa ba.

"Zo nan." Ta jawo ta jikinta. "Babanki babanki ne har abada. Ba jaririn da zai raba ki da shi."

"Ke fa?"

Malamar asibiti ta ce a faɗi gaskiya, amma ba ta ce yadda ake faɗin irin wannan ba.

"Ni ban sani ba," Auta ta ce, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. "Amma ko me ya faru, ba laifinsa ba ne. Shi ma bai san komai ba, kamar ke."

"To laifin wa ne?"

"Na manya."

Aku ta yi tunani kaɗan. "A yi musu bulala mana."

Auta ta yi dariya cikin kuka, dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, sannan ta rungume ƴarta.

Da la'asar mai kemis ya zo, kamar kullum, da ledar maganin ƙarin jini. Ba za a ce mugu ba ne, wannan shi ne abin takaicin. Matarsa ta rasu bara, mutum ne mai sanyin murya, bai taɓa furta wa Auta kalmar aure ba don ya san bai halatta ba tukuna. Sai dai ya zauna da Yaya a kan kujerun roba, ya tambayi jikinta daga nesa, ya kawo wa Aku alewa. Haƙurinsa shi ke tsorata ta. Haƙurin mai jiran mangwaro ya faɗo da kansa.

Bayan ya tafi ta samu Yaya a falo yana duba rajistar malamai.

"Yaya, don Allah ku daina maganar nan a gaban yarinya."

"Wace magana?"

"Ka sani."

Ya cire tabarau. "Auta, wata huɗu. Ƙafarsa ta karye ne? Bai san hanyar gidan nan ba?"

"Kai ka ce in ya tako za ka kira masa ƴan sanda."

"Mai so ba ya jin tsoron ƴan sanda. Mutumin da ya sake ki da fensirin aiki, kina ɗauke da cikinsa, shi kike wa wannan ramar?"

"Kai ka ce ya rubuta."

"In na ce ya faɗa rijiya, faɗawa zai yi?"

Ta durƙusa da ƙyar, hannu ɗaya a kan kujera. "Yaya, ba wanda ya tilasta ni jinyar nan. Tsohuwar nan tana kirana ƴata. Ni na ce kada a ɗauko kowa. Ina son mijina, ban daina ba ko na kwana ɗaya."

"So!" Ya maida tabarau. "So na gani kwance a bakin famfo. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tashi ki je ki huta."

Ta tashi ta koma ɗaki. Gidan cike yake da mutane, ƴaƴan Yaya huɗu na ta guje-guje a tsakar gida, amma ita ji take kamar a tashar mota aka manta da ita.

Ranar Litinin ta tashi da ciwon baya. Ta ce kwanciya ce. Kafin hantsi ciwon ya zagayo mara, yana kamawa yana saki, kuma wadda ta taɓa haihuwa ba a yi mata bayanin wannan. Saura mako biyu a lissafin asibiti, amma wanda ke ciki bai san lissafin asibiti ba.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta zauna a bakin katifa ta damƙe gefen zane, tana kallon agogon bango, tana roƙon Allah abin da ita kanta ta san wauta ne. Ashe ba Aku kaɗai ke son a jinkirta ba.

Bayan azahar ta ji tsayuwar mota a ƙofar gida, sannan ihun Aku.

"Baba! Baba ya kawo gadona!"

Auta ta miƙe da ƙyar. Ta lallaɓa ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki. Ga shi nan yana shigowa da baya, shi da direban motar kaya, sun ɗauko ɗan gado sabo fil, ƙamshin fenti na tashi. Ya rame. Gemunsa ya yi buzu-buzu, garin katako a gashin hannunsa. Ya ɗago suka haɗa ido, ya yi saurin sunkuyar da kai.

Yaya ya fito daga falo da littafi a hannu. "Wa ya ba ka izinin shigo min gida?"

"Ina wuni, Yaya. Yarinya ce ta ce min za a raba mata wurin kwana. Ajiyewa kawai zan yi in tafi."

"Ni na kasa saya mata ne?"

"Ba haka ba ne. Ban so ƴata ta kwanta a gadon da wani ya buga ina raye."

Matar Yaya ta taɓa hannun mijinta. "Bar shi ya ajiye, ai na ƴarsa ne."

Suka nufi ɗakin, Auta ta matsa gefe. Gado ya ƙi shiga. Suka karkata shi, ya ƙi. Suka tsayar da shi, ƙafarsa ta kama dokin ƙofa. Direba ya yi gumi sharkaf, ya ce ko a cire ƙafafun, kafinta ya ce ba ƙusa ya sa ba, haɗi ne da gam, ba ya kwancewa. Dole suka sauke shi a tsakar gida.

Yaya ya yi dariyar mugunta. "Ka ga kafinta! Shekara nawa kana aikin? Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ko makaho ya shafa ƙofar nan ya san wannan ba zai wuce ba. Dubi ma kusurwar can, a gutsure. Katako ne ya ƙare maka?"

Auta ta dubi inda ya nuna. Ta wajen kai, ɓangaren hagu, an yanke kusurwar gadon, yanka mai kyau, an goge an shafe, faɗin tafin hannu. Ta daɗe tana kallo.

Ta san wannan yankan. A ɗakinsu na can gida, kusa da taga, akwai ginshiƙin siminti da ya ɗan turo daga bango, wanda ta sha bugewa da shi in tana shara. Kuma ƙofar ɗakin mai faɗi ce, shi ya buga ta da hannunsa. Mutumin nan ba ya yanka katako sai ya auna wuri da kansa, sau biyu. Bai yi kuskuren awo ba. Ɗakinsu ya auna.

"Baban Aku." Auta ta juyo gare shi. "Ina ka auna gadon nan?"

Ya sunkuyar da kai yana murza yatsu.

"Tambayarka nake."

"Ban lura ba, wallahi," ya ce a hankali. "Na ɗauki tef na shiga ɗaki na auna, kamar yadda na saba. Sai yanzu da ya ƙi shiga na tuna ba a can kuke ba."

Direba ya kau da kai. Matar Yaya ta sa gefen mayafi a ido.

"Wata huɗu," Auta ta ce, kuka ya ƙwace mata. "Wata huɗu ina zaune a ɗakin takardu ina sauraren ƙarar kowace mota. Ka iya auna bango, ka iya auna ginshiƙi, ba ka iya auna abin da nake ciki ba?"

"Da wane ido zan dube ki? Ni na bar ki kika faɗi a bakin famfo. Ni na rubuta. Kullum Inna sai ta tambaye ni ke, da rabin bakinta, in ce kin kusa dawowa. Ƙanwata ta tare a wajenta yanzu, ba za ki sake wanke ko tsumma ba. Amma na ce wanda ya yi abin da na yi, ba da baki zai gyara ba."

"To da me? Da katako?"

"Ya isa!" Yaya ya daka tsawa irin ta filin makaranta. "Ɗauki gadonka ka fita."

Kafinta ya russuna. "Zan fita, Yaya. Na yi maka laifi, na sani. Gobe in Allah ya kai mu zan dawo da baffannina, a zauna a ba ka haƙuri yadda ya kamata, sannan in faɗi abin da ke bakina."

Ya juya ya kama gefen gadon. A daidai nan ciwon ya sake kama Auta, wannan karon kamar an ɗaure ta da igiya an ja. Ta dafe dokin ƙofa ta cije leɓe har ya wuce. Duk abin da ta ɓoye tun safe, kunya da jan aji da tsoron Yaya, ta ga ba su da sauran amfani.

"Ba ni da gobe," ta ce.

Ya waiwayo.

"Tun safe nake naƙuda. Wannan ba zai jira baffanninka ba."

Matar Yaya ta yi salati ta ruga ta riƙe ta. "Tun safe? Auta, kashe kanki za ki yi?"

Aku ta fashe da kuka ta ƙanƙame ƙafar ubanta. "Baba, zai fito! Na ce masa kar ya fito, bai ji ba!"

Kafinta ya dubi ƴarsa, ya dubi matarsa, sannan ya dubi Yaya. Ya saki gadon.

"Yaya, ka yafe min, ba raini ba ne." Ya ɗaga murya yadda har maƙwabta sai da suka ji. "Ku shaida, na maida matata. Na maida ita ɗakinta."

"Na shaida," in ji direba da sauri, kamar da ma jira yake.

"Ni ma na shaida," matar Yaya ta ce, ba ta ko kalli mijinta ba.

Auta ta jira tsawa. Ba ta zo ba. Yaya yana tsaye, littafin ya faɗi daga hannunsa, fuskarsa ta yi fari fat, ita yake kallo da yadda ta dafe mara.

"Tun safe," ya maimaita. "Haka Umma ta yi ranar da za ta haife ki. Ta ɓoye, ta ce kada a tada hankalin kowa. Ina shekara goma sha biyu. Aka miƙo min ke a zani, ita kuma ba ta dawo ba." Ya juya ga kafinta. "Me kake tsaye kana kallo? Ɗauke ta!"

Nan da nan aka fito da ita. Aka sa ta a gaban motar, matar Yaya ta matsa kusa da ita da jakar asibiti, kafinta ya haye baya. Aku ta biyo su da gudu, Auta ta leƙo ta taga ta kama ƴan yatsunta.

"Kin ji abin da Baba ya ce?"

Ta ɗaga kai tana jan hanci.

"To ba a gama da kowa ba. Ki zauna da Kawu, za a zo a ɗauke ki ki ga ƙaninki. Ke ce babba yanzu."

Yaya ya zo ya ɗauke yarinyar daga jikin motar. Bai dubi Auta ba. Ta so ta ce masa wani abu, ko na gode ko ka yafe min, amma ciwon ya sake tasowa ya tsinke mata numfashi. Direba na ta fama da makulli, motar na tari tana ƙin tashi, shi ya sa ta ji su sarai.

"Kawu, in ya zo zai ƙwace min Mama?"

"Ba zai ƙwace ba. Ke za ki riƙa kula da shi, ki hana kowa taɓa shi, har ya girma ya daina jin maganarki."

Aku ta share ido da bayan hannu ta dube shi. "Kai ma an taɓa yi maka ƙanwa?"

Motar ta tashi. Yaya ya gyara wa yarinyar zama a kafaɗarsa, sai a sannan ya ɗago jajayen idanunsa ya dubi tagar.

"An yi min," ya ce. "Ga ta can za ta tafi."